Tarihin Binciken Amosanin Jini a Ƙasar Hausa, da Inda Ya Shafi Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda masana suka gano ciwon nan da Hausawa suke kira amosanin jini, wanda a asibiti ake ce wa sikila, tare da nuna irin gudummawar da ƙasar Hausa ta bayar a cikin wannan bincike. An zaɓi a jingina bayanin ga Tambuwal da Kebbe, ƙananan hukumomi biyu da ke kudancin Jihar Sakkwato, saboda yanki ne na manoma da makiyaya wanda Gulbin Zamfara ya ratsa ya bar masa fadamu, kuma a irin wannan wuri ne ciwon ya fi yin ɓarna ba tare da alƙalami ya rubuta ba. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin, kuma tarihi ya san ta da zama ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Kebbe kuwa tana kudu da ita, ta yi iyaka da Jihar Kebbi da Jihar Zamfara, tana da garuruwa irin su Kuchi da Girkau da Margai da Ungushi.

Mai yiwuwa wani daga cikin masu sauraro ya ce, me ya haɗa ɗalibin tarihi da maganar jini, alhali ga likitoci? Amsa ita ce, wannan ciwo gadonsa ake yi kamar yadda ake gadon gona, kuma duk abin da ake gado yana da tarihi. Bugu da ƙari, kamar yadda za mu gani, abin da ya fi ɗaure wa likitocin farko kai shi ne ƙidayar rayayyu da matattu, wadda kuwa aikin masu nazarin al'umma ce.

2.0 Abin da Bahaushe ya sani tun kafin asibiti

Kalmar amosani tsohuwa ce, kuma ma'anarta tana da faɗi. Akwai amosanin kai, akwai na gaɓɓai, wato ciwon nan mai tsukar ƙashi wanda yake tashi idan sanyi ya shigo ko damina ta sauka. Da likitoci suka zo da bayanin cewa tushen wani nau'i na wannan ciwo a jini yake, sai aka ƙara wa kalmar jini, ta zama amosanin jini. Alamominsa kuwa iyaye mata sun daɗe da saninsu ɗaya bayan ɗaya: jariri ya kumbura hannu da ƙafa tun bai shekara ba, idanunsa su yi rawaya kamar mai shawara, saifarsa ta kumbura, jikinsa ya ɗashe, ya yi ta kukan da ba a san dalilinsa ba. Sai dai kowace alama akan ba ta sunanta da maganinta daban. Kumburi na wanzami ne, shawara ta mai sassaƙe ce, kuka kuma na malami ne.

A nan ya kamata a tsaya a kan al'adar wabi. Matar da 'ya'yanta suke mutuwa a jere tun suna ƙanana ana ce mata mai wabi, kuma idan ta sake haihuwa akan laƙaba wa yaron suna irin su Ajuji ko Ajefas ko Ayashe ko Abarshi, domin a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Yarabawa suna da abiku, Inyamurai suna da ogbanje, kuma Stuart Edelstein a littafinsa na 1986 ya yi ƙoƙarin danganta ogbanje da sikila. Hujjar tana da ƙarfi ta wani ɓangare, domin idan miji da mata duk suna ɗauke da ƙwayar gadon ciwon, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da shi, don haka mutuwar za ta riƙa komawa ɗaki ɗaya tana tsallake na kusa da shi. Amma a ganina kuskure ne a ce kowane ɗan wabi mai sikila ne. A ƙasar da ƙyanda da gudawa da zazzaɓi da yunwar bazara suke kashe yara, uwa tana iya rasa uku a jere ba tare da wani lahani a jininta ba. Abin da za a iya cewa kawai shi ne, wani kaso na 'yan wabi masu sikila ne, kuma al'adar ta adana mana shaidar da littafi bai adana ba.

Malaman jihadi ba su yi sakaci da ilmin magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan basir da ciwon ido da amfanin filasko. Amma ilmin likitanci na wancan zamani, na Larabawa da na Turawa baki ɗaya, ba shi da hanyar da zai haɗa kumburin hannun jariri da ciwon ƙashin saurayi ya ce abu ɗaya ne. Wanda ya yi kusa shi ne Africanus Horton, likita ɗan Saliyo, wanda a littafinsa na 1874 ya bayyana wani ciwon gaɓɓai mai zuwa da zazzaɓi a lokacin damina a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Daga baya Felix Konotey-Ahulu na Gana ya nuna cewa ƙabilun ƙasarsa suna da sunayen ciwon tun tuni, kamar chwechweechwe a harshen Ga da ahotutuo a harshen Twi, har ma ya bi salsalar ciwon a cikin danginsa na Krobo zuwa shekarar 1670.

3.0 Daga Cikago zuwa Kambirij

Bayanin farko da likitancin zamani ya amince da shi ya fito ne a 1910, lokacin da James Herrick na birnin Cikago ya buga labarin wani ɗalibin likitan haƙori, Walter Clement Noel, mutumin tsibirin Girenada. Mataimakin Herrick, Ernest Irons, shi ne ya duba jinin a ƙarƙashin madubin likita ya ga jajayen ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje maimakon su kasance a kewaye. Daga kalmar lauje ta Ingilishi aka samo sunan da Verne Mason ya raɗa wa ciwon a 1922, wanda bakin Bahaushe ya mayar sikila. A 1927 Hahn da Gillespie suka nuna cewa ƙarancin iskar oksijin ne yake sa ƙwayoyin su lanƙwashe.

Shekarar 1949 ita ce ta buɗe ƙofa. A cikinta Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka gwada sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wato himogulobin, ta hanyar tura shi da lantarki, suka ga na mai sikila yana tafiya daban da na mai lafiya, na wanda yake ɗauke da ƙwayar kawai kuma rabi-da-rabi ne. A shekarar dai James Neel a Amurka da E. A. Beet, likitan gwamnati a Rodeshiya ta Arewa, wadda yanzu ake kira Zambiya, kowannensu ya tabbatar da ƙa'idar gadon: wanda ya samu ƙwayar daga mahaifi ɗaya lafiyarsa ƙalau, shi ne AS, wanda ya samu daga duka biyu shi ne mai ciwo, wato SS. A 1950 Itano da Neel suka gano wani nau'in, aka sa masa harafin C. Sa'an nan a 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin inda lahanin yake. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin tana da tubala 146, kuma tubali na shida kaɗai ne ya sauya. Wannan shi ne karo na farko da aka nuna cewa sauyin tubali guda a cikin sinadarin jiki yana iya haifar da cuta, kuma daga nan ne babban reshe na ilmin gado na zamani ya tsiro. Abin lura shi ne jinin da aka gina wannan ilmi a kansa na jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne a zamanin cinikin bayi.

A nan Afirka kuwa likitocin mulkin mallaka sun shiga wani ruɗani. A 1944 R. Winston Evans ya gwada jinin sojojin Afirka ta Yamma, ya samu kusan ɗaya cikin biyar suna ɗauke da ƙwayar, wato fiye da ninki biyu na abin da ake samu a wurin baƙaƙen Amurka. Bisa lissafi ya kamata asibitoci su cika da masu ciwon, amma ba a ganinsu. Har wasu masana, cikinsu da Alan Raper a 1950, suka kawo zaton cewa wataƙila cuɗanyar jini da Turawa ce take sa ciwon ya yi tsanani a Amurka. Ba su yi la'akari da cewa asibitocin nasu na sojoji ne da ma'aikata da leburori, wato manyan maza, alhali masu ciwon sun riga sun kwanta dama tun suna goye. Likitocin yara a Kwango, Lambotte-Legrand mata da miji, su ne suka fara nuna haka a farkon shekarun 1950. Raper da kansa ya gyara ra'ayinsa daga baya.

4.0 Sauro, da abin da ya faru a yammacin Sakkwato

Da aka yarda cewa masu SS suna mutuwa kafin su haihu, sai wata mas'ala ta taso. Kowane yaro da ya mutu ya tafi da ƙwayoyin gado biyu, don haka ya kamata ƙwayar ta yi ta raguwa har ta ƙare. Me ya hana ta ƙarewa? Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya, ya ba da amsa a 1954: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai kisa. Ya kafa hujja da jinin yara a kewayen Kampala, da yadda ƙwayar ta yawaita a ƙabilun ƙasashe masu sauro ta yi ƙaranci a kan tuddai, da kuma wani gwaji da a yau babu hukumar da za ta yarda a yi shi, inda aka sa wa mutum 30 ƙwayar zazzaɓin da gangan. Cikin 15 marasa ƙwayar sikila 14 suka kamu, cikin 15 masu ita kuwa 2 kacal.

Ba a karɓi wannan magana nan take ba. A 1955 Ernest Beutler ya maimaita gwajin a kan fursunoni a Amurka bai ga bambanci mai yawa ba, wasu kuma suka ƙidaya masu ƙwayar zazzaɓi a jini a wurare daban-daban suka ce AS da AA duk ɗaya ne. Raper ne a shekarar ya nuna inda gizo yake saƙa, wato kariyar ba ta hana kamuwa, tana dai hana ƙwayar zazzaɓin yin yawan da zai kashe ƙaramin yaro. Binciken da aka yi daga baya a Gambiya da Kenya ya nuna wannan kariya daga zazzaɓi mai tsanani ta kai kimanin kashi 90 cikin ɗari.

A daidai shekarar da Allison ya buga takardarsa, wato 1954, Gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara wani aikin gwaji na yaƙi da sauro a yammacin Lardin Sakkwato, a kewayen Birnin Kebbi, maƙwabtan Tambuwal ta yamma. Leonard Bruce-Chwatt da H. M. Archibald su ne suka rubuta rahotonsa. An raba ƙasar shiyya-shiyya, ana fesa wa bangon ɗakuna magunguna iri uku, ciki har da DDT da wani mai suna dieldrin. Ba a cika shekara biyu ba sai aka tarar a Ambursa cewa dieldrin ya daina kashe sauron. Elliott da Ramakrishna suka buga wannan labari a 1956, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan turjiya a wurin babban sauron zazzaɓi na Afirka. An kai irin sauron Ambursa Landan, inda George Davidson ya nuna cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce take ba shi wannan ƙarfi.

Na tsaya a kan wannan ne domin darasin biyun ɗaya ne. Magani ya kashe sauron da ba shi da ƙwayar turjiya ya bar mai ita ya hayayyafa, cikin 'yan watanni, saboda sauro yana sauya zuriya cikin makonni. Zazzaɓi kuma ya yi wa ɗan Adam irin wannan tankaɗe, amma cikin dubban shekaru. Manomin fadamar Gulbin Zamfara mai AS da sauron da ke cizonsa, dukkansu abin da ya tsira ne daga rariya.

5.0 Garki

Bayan Sakkwato an sake gwaji a Kankiya ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan aka shirya babban aikin da ya fi kowanne, a gundumar Garki ta Jihar Kano ta wancan lokaci, wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991. Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da shi daga 1969 zuwa 1976, kuma Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara sakamakonsa a littafin da aka buga a 1980. An yi ta bin mutanen zaɓaɓɓun ƙauyuka gida-gida kowane mako goma, ana ɗibar jini, ana rubuta haihuwa da mutuwa. A 1972 da 1973 aka yi feshi aka kuma raba magani ga jama'a. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Lissafin yaɗuwar zazzaɓi da Dietz da Molineaux da Thomas suka gina a kan alƙaluman Garki a 1974 ya zama abin koyi ga masu wannan fanni a duniya.

Abin da ya shafe mu shi ne reshen aikin da Alan Fleming, shehun malamin ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya jagoranta tare da Storey da Molineaux da Iroko da Attai, wanda aka buga a 1979. Muhimmancinsa shi ne, an gwada jinin al'umma ce a gidajenta, tun daga jariri har tsoho, ba waɗanda suka iya kai kansu asibiti kaɗai ba. An samu kashi 24 cikin ɗari na jarirai suna da AS, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar adadin ya hau zuwa 29. Mutum ba ya sauya jini bayan haihuwa, don haka wannan hauhawa ba ta da ma'ana illa cewa masu AA sun fi masu AS mutuwa a ƙuruciya. Wannan ita ce hujjar Allison, an same ta a rubuce a cikin ƙidayar ƙauyukan Hausawa. Masu SS kuwa sun kai kimanin kashi 2 cikin ɗari na jarirai, amma a cikin manya kusan babu su. Masu AC ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. An kuma lura cewa nau'in S da na C duk sun fi yawa a wurin Hausawa bisa ga Fulani.

Yana da kyau mai sauraro ya gwada lissafin da kansa, don ya ga alƙaluman sun dace da juna. Idan 29 cikin kowane mutum 100 da suka isa aure suna da AS, to, a cikin aure 100 kimanin 8 ne za su haɗa AS da AS. Rubu'in 'ya'yan waɗannan su ne SS, wato 2 cikin ɗari na dukkan haihuwa, daidai da abin da aka tarar. Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka ɗora a kan wani gari na ƙasar Kebbe ko Tambuwal da ake haihuwar yara 200 a shekara, ana maganar yara huɗu ke nan kowace shekara, arba'in a shekara goma. Na ce idan aka ɗora, domin Garki ba Kebbe ba ce. Yanayinsu dai ya yi kama, damina gajeruwa da rani mai tsawo, amma jama'ar kudancin Sakkwato gauraye ce ta Zamfarawa da Kabawa da Fulani da sauransu, ga kuma auren zumunci wanda yake ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwaya iri ɗaya a ɗaki ɗaya. Ƙarancin S a wurin Fulani yana ja ƙasa, auren dangi yana ja sama.

6.0 Tasirin binciken a kan masu nazarin tarihi

Tun a 1958 Frank Livingstone, wanda ya yi aiki a Laberiya, ya jawo wannan ƙwaya cikin tarihi. A ra'ayinsa noma ne ya yaɗa ta: da mutane suka sare daji suka zauna wuri ɗaya, sai suka samar wa sauro ruwan kwanciya da jinin sha. Shi dai maganar kurmi yake yi, amma wanda ya san garuruwanmu zai tuna da kududdufi. Duk garin da aka gina da ƙasa, aka kewaye da ganuwa, sai ya bar ramukan da ruwa zai kwanta a cikinsu har bayan kaka. Siyasar Muhammadu Bello ta kafa ribaɗoɗi da zaunar da Fulani makiyaya a garuruwa ta sauya zaman mutane da yawa a ƙasar Sakkwato, ta kuma kawo auratayya tsakaninsu da manoma. Sai dai kada a yi gaggawa. Shekara 200 ba su wuce zuriya takwas ba, kuma wannan ya yi kaɗan ga zazzaɓi ya sauya jinin al'umma ƙwarai. Auratayya ita ce mai saurin aiki. Game da Fulani ma, binciken David Modiano a Burkina Faso a 1996 ya nuna sun fi maƙwabtansu Mosi jure wa zazzaɓi ta wata hanyar da ba ta sikila ba.

Nau'in C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, yana raguwa idan aka yi gabas. Modiano ya nuna a 2001 cewa shi ma yana ba da kariya daga zazzaɓi. Ɗalibin tarihi ba zai ji wannan ba sai ya tuna da fataken goro masu zuwa Gwanja, waɗanda Paul Lovejoy ya rubuta tarihinsu a 1980, da kasuwar Jega da ke bakin ƙofar Tambuwal. Wannan tunani ne kawai, kuma sai an gwada jinin zuriyar zangon fatake kafin ya zama hujja.

Game da asalin ƙwayar S, a 1984 Pagnier da abokan aikinsa suka nuna tana zuwa cikin siffofi uku a Afirka, aka sa musu sunayen Senegal da Binin da Bantu, daga baya aka ƙara na Kamaru da na Larabawa da Indiya. Siffar Binin ce ta mamaye Nijeriya, kuma ita ake samu a Afirka ta Arewa da wasu ƙasashen Bahar Rum, abin da ya dace da tsohuwar hulɗa ta hamada. An daɗe ana ɗauka cewa ƙwayar ta ɓulla sau da yawa a wurare daban-daban. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Nijeriya ne, suka kawo hujjar cewa sau ɗaya ta ɓulla, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyawa. A 2019 wasu masana a Faransa suka ce ta fi haka tsufa nesa ba kusa ba. Muhawarar ba ta mutu ba.

7.0 Daga ƙidaya zuwa magani

Tsakanin 1973 da 1981 Graham Serjeant ya gwada jinin jarirai 100,000 a Jamaika ya bi rayuwar masu ciwon, ya nuna cewa koya wa uwa ta riƙa taɓa saifar ɗanta yana ceton rai. A 1986 aka tabbatar a Amurka cewa ba yaro fenisilin kullum yana rage muguwar cutar jini da kashi 84 cikin ɗari. A 1995 aka tabbatar da amfanin maganin haidiroksiyuriya. A gida kuwa, Abayomi Sofowora ya yi nazarin saiwar fasaƙwari tun farkon shekarun 1970, kuma cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa Niprisan daga tsirrai huɗu, uku daga cikinsu sanannu ne a kowace kasuwar Hausa: karan dafi da masoro da kanumfari.

Gudummawar ƙasar Hausa ta biyu, bayan ta Garki, daga Kano ta fito. Yara masu SS suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma a ƙasashe masu arziki ana hana wannan da ƙarin jini kowane wata, abin da ba zai yiwu a nan ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, cikinsu da Najibah Galadanci da Shehu Umar Abdullahi, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada haidiroksiyuriya a madadin ƙarin jini. Sakamakon da suka buga a 2022, a kan yara 220, ya nuna ƙaramin awo na maganin ya yi daidai da matsakaici wajen hana shanyewar. Ga talaka wannan ya fi muhimmanci bisa maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, wanda aka sa wa kuɗi fiye da dala miliyan biyu.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta ana haihuwar yara 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara. A farkon shekarun 2010 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyoyi shida na gwajin jarirai, ta Arewa maso Yamma a asibitin tarayya na Birnin Kebbi. Daga 2015 aka shiga raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina a Jihohin Sakkwato da Zamfara. Duk abin da ya rage zazzaɓi yana ƙara yawan masu SS da za su rayu, shi ya sa idan dattawa suka ce a zamaninsu babu wannan ciwo, gaskiyar abin da idonsu ya gani suke faɗa. Amma tafiyar da saura. A ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 an gwada jinin yara fiye da 11,000, kuma daga nan Obiageli Nnodu da abokan aikinta suka ƙiyasta a 2021 cewa kusan rabin masu sikila ba sa kai wa shekara biyar.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Irin wannan doka tana ɗora wa malamanmu tambayar da ba ta cikin littattafan da suka gada. Aibobin da fiƙihun Malikiyya ya ba da zaɓin raba aure saboda su, kamar yadda suke a Risala da Muhtasar, su ne hauka da kuturta da albaras da cutar al'aura, dukkansu a jikin mutum ɗaya ake ganinsu. Mai AS kuwa ba shi da aibi ko kaɗan, haɗuwarsa da wata mai AS ce matsalar, kuma cutarwar tana faɗawa ne a kan wanda ba a haifa ba tukuna. A ƙauyen da aka yi wa yarinya baiko da ɗan baffanta tun tana ƙarama, takardar gwaji da ta zo mako guda kafin ɗaurin aure ta makara.

Aikin da ya rage wa ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne irin wanda Konotey-Ahulu ya yi wa danginsa. Manyan gidajen Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna sun riƙe salsalarsu, amma salsala tana ƙidaya mazan da suka rayu suka haihu ne, ba ta ambaton jaririn da aka binne kafin yaye. Wannan ƙidaya tana wurin tsofaffin mata da ungozomai, waɗanda suke iya faɗin cikin da kowace mace ta yi a gidan, da wanda ya kumbura hannu, da watan da ya rasu. Mai ɗaukar irin wannan bayani dole ta kasance mace mai jin karin harshen wurin, kuma ta rubuta dangantakar miji da mata a kowane aure kafin ta tambayi 'ya'ya.